Inda Za a Binne Mabiyiya

A tashar Birnin Gwari, zamanin Turawa, Huseina na jiran lori da tsohon ciki. Wata dattijuwa ta zauna kusa da ita.

"Ina za ki, 'yata?"

"Ikko, Inna. Maigidana na aikin jirgin ƙasa a can."

"Na zauna can. Gidajensu ba zaure, ba tsakar gida. Ɗaki ne bisa ɗaki, ko'ina siminti."

Huseina ta dafe cikinta. "To in na haihu, ina zan binne mabiyiya?"

"Ba inda za ki tona. Tawa mai kwasar shara ya tafi da ita."

"Jaririn fa, Inna?"

Dattijuwar ta kau da kai. "Ki cika tukunya da ƙasar gidanku, ki tafi da ita."