Ɗakin Kaka a Kan Ramin Burji

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Sunana Rabi, ɗaliba ce a sakandare, daga wani ƙauye kusa da Minjibir.

A bayan gidanmu akwai ramin da masu tifa suka haƙa suka kwashi burji, suka tafi suka bari. Mutanen gari suka cike shi da shara da toka da kashin dabbobi, kamar yadda ake kai taki gona. Baba ya shuka dawa a wurin ta yi kyau, sai ya gina wa Kaka, mahaifiyarsa, ɗaki a kai.

Tun da damina ta kankama ƙofar ɗakin ta daina rufuwa, bango ya tsage har yatsuna suna shiga. Malaminmu ya ce a dokar jiha ba a gini a kan ramin da aka cike sai ma'aikata sun duba ƙasar. Na faɗa wa Inna, ta faɗa wa Baba. Ya ce, "In suka zo rushewa za su yi. Wurin da na nome da hannuna?" Kaka kuma dariya ta yi, ta ce, "Ke 'yar boko, kwaɓo laka ki liƙe min."

Na liƙe, ya sake buɗewa. Yanzu ko hadari na gani sai karatu ya gagare ni.

Malam, in an kira ma'aikatan, dole sai sun rushe? Don Allah ka yi bayani a hankali, Baba yana sauraronka, ni ba na iya haɗa ido da shi.