Ƙarfen da Ke Gindin Sandata

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda bai gaji da ni ba sa'ad da ni na gaji da kowa. Ni ce Rahila ta garin Maijirgi, mai ƙafa guda. Ku bar sunkuyar da kai, na san sandar kuke kallo.

Bayan samun mulkin kai, lokacin da gujiya ke da daraja, maigidana, ga shi can zaune baya, ya sayi tsohuwar mota wajen wani Anasara da zai koma ƙasarsu. Ya samo rimok, wato amalanken da mota ke ja. Saura ƙarfen da zai haɗa su. Aka ce ya kai garaji Tasawa, ya ce shi da hannunshi ba ya roƙon kowa.

Ya kwanta ƙarƙashin mota, ya huda, ya ɗaura. Bulo, wato ƙusoshin ɗaure ƙarfe, suka ƙare mishi, ramuka ba su cika ba. Sai ya jiƙa ƙiri, igiyar fatar nan ta rijiya, ya naɗe sauran kamar yadda muke yi wa amalanken jaki, ya bari ta bushe ta kama.

Na ce, "Maigida, fata da ƙarfe?"

Ya ce, "Ƙirin da ke jawo wasaki daga rijiyar Mayahi, shi zai kasa jan gujiyarki?"

Ranar kasuwa muka loda buhuna, har da na gamanata, 'yar gonar da na noma da hannuna. Na riga na zauna gaba sai ga wani dattijon ikilisiya, shina son zuwa Tasawa. Ai kun san halinmu, babba ba ya hawa kan kaya. Aka ce, "Rahila, koma bisa buhuna." Na koma.

A wani gangare na ji ƙas! Mota ta yi gaba, ni da rimok muka yi gefe. Ya kife, ƙafata na ƙasa. Wayyo Allah! Su ko sai da suka yi nisa suna hira kafin su waiwaya.

A asibitin Maradi aka yanke ƙafar.

Masu dubiya kowa sai ya ce, "Haƙuri, haka Allah ya so." Allah ne ya jiƙa ƙiri? Allah ne ya tashe ni daga kujera? Dattijon nan ya zo ya yi mini doguwar addu'a, ya tafi da ƙafafunshi biyu. Har ya rasu bai ce mini "gafarta" ba.

Na tsani mijina, 'yan'uwa. Ba kara zan yi mishi ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban ce mishi ko sannu ba. In turo mishi tuwo da sanda. A sujada in an zo wurin gafara cikin addu'a, sai in datse bakina. Na yanke shawara da kaka zan koma gidanmu, auren ya mutu.

Ana gobe zan tafi, da hantsi, sandata ta tsage. Na faɗi tsakar gida, ba kowa. Nan cikin ƙasa na yi wa Yesu tsawa, ba roƙo ba. Na ce, "Ƙafa dai ba ka maido ba. To cire mini wanga garwashi daga ƙirji, ni na kasa!"

Da la'asar maigida ya shigo da sabuwar sanda. Gindinta an sa mata ƙarfe don kada ta ci. Na gane shi, ƙarfen da ya haɗa mota da rimok ne, ya kai maƙera an sare. Ya durƙusa, namiji guda, ya ce, "Wannan karon ba ƙiri. Ni na yi miki, Rahila, ba Allah ba."

Kalmar da nake jira ke nan. Na yi kuka har muryata ta dishe, kuma ban tafi ba.

Kada ku zaci na zama waliyyiya. Har yau in na ji ƙarar mota, wani lokaci in harare shi. Amma garwashin ya mutu, godiya ga Yesu! Mai ƙullin zuciya, kai wa Yesu, ko da faɗa ne, yana ji. Ƙarfen da ya kasa riƙe ni ran nan, shi ya kawo ni gabanku yau. Amin.