Baitin Damisa Ba Zai Fita Daga Bakina Ba

Assalamu alaikum. Mai girma Dagaci, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Sarkin Noma, iyayenmu maza da mata, da Inna Sauda matar marigayi, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyyar Baba Muntaka mai waƙar gayya. Ni ne Kassimu. An ce in yi magana, an kuma ja min kunne in kama bakina. Zan gwada.

Ya kasance duk wanda ya saɓo garma ya fito gayya, sai Baba Muntaka ya yi masa baiti nasa na kansa. Ba ya kiran kowa giwa ko ɓauna. Dangin kyanwa yake raba mana. Sama'ilu ne zaki. Basiru muzuru ne, don ba a ganinsa sai an kawo tuwo. Yuguda ɗan marigayi kuwa damisa, saboda kafin ka ji motsinsa ya kai ƙarshen gona.

Ya kasance ba ya sayar da baiti. Alhajin nan da ke kwashe mana hatsi da kaka ya kai Ɗambatta ya taɓa ce masa, "Muntaka, sa ni a zaki mana." Ya ce, "Alhaji, zaki in ya ƙoshi tashi yake ya bar wa kura saura. Kai har dusa aunawa kake." Na ga ana ƙifta min ido. To, na bari.

Ya kasance ba ya raina abin da ka kawo masa. Na taɓa nuna masa hoton damisar Indiya mai ratsi-ratsi a wani yagaggen littafi, na ce mawaƙan can ita suke wasawa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Kassimu, wannan ai kyanwa ce da ba ta taɓa kwana da yunwa ba. A kawo ta nan Bagwai bana mu ga yadda za ta yi."

Yanzu ga abin da ya tsaya min a wuya. Ranka ya daɗe, ka ce a faɗi waƙar gayya duka yau don girmama shi, Liman ya yarda in dai babu ganga. Na haddace ta. Amma kowa a nan ya san dokar da Baba Muntaka ya kafa: baitin mutum, shi kaɗai ke faɗa muddin yana da rai. Wani ba ya ɗauka sai an binne mai shi. Ina masu baitin? Fari ya ƙone gero, ya watsa mu. Sama'ilu yana tura kurar ruwa a Kano. Basiru ya sayar da gonarsa ya bi shi. Waɗannan ko banza mun san suna numfashi. Yuguda fa? Tun da ya tafi ci-rani Kurmi, can kudu, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi. In yana raye, bai ma san ubansa ya rasu ba.

In na faɗi baitin damisa a gaban uwarsa, na ce ya mutu ke nan. Da wane baki? In kuma kun tambaye ni ko yana raye, wallahi ban sani ba. Babu wanda ya sani. Mun kasa kawo ruwa, mun kasa riƙe mazajen garinmu, ko labarin mutum ɗaya mun kasa samowa. Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ba zan faɗa ba.

Inna, ki share hawayenki. Ba ni da abin da zan ba ki sai wannan shirun.

Baiti ɗaya ne ya halatta a bakinmu yau, wanda marigayi ya yi wa kansa:

Kyanwar rumbu ce ni, ba na ƙaura,
Ɓera ya gudu, ni ina nan zaune,
Mai rumbu in ya dawo ya same ni.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Baba Muntaka, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu damina mai albarka. Ya Allah, in Yuguda yana raye, ka juyo da ƙafarsa gida, tsohuwar nan ta ji baitinsa daga bakinsa. Amin.