Tumbin da Na Ɓuya a Bayansa

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu Ubangijinmu ta kasance tare da ku duka.

Kun san ni da Baba Ishaya Direba. Na tsufa a kan babbar mota. Na kai albasa Kumasi na ɗauko goro, na bi Maraɗi har Abijan, na iya Faransanci da Yarabanci da ɗan Fillanci. A wannan yawon na kwaso cutar ƙanjamau. Ba wanda ya yi mini asiri, halina ne na lokacin.

Na dawo Sabon Birni a rame, har agogo yana zamewa daga hannuna. Matata Saratu kaɗai ta san dalili. An gwada ta, Allah ya tsare ta. Ita ta kai ni asibiti a Isa, inda ba a san fuskata sosai ba, aka ɗora ni kan maganin da nake sha kullum. Ya tashe ni. Yabo ga Ubangiji!

Amma kunnena ya riga ya ji abin da ake faɗa a tasha game da ramata. Na yi wa kaina alkawari ba mai sake ganin ƙashin wuyana. A Abijan na ga manyan mutane suna gudu da sassafe don su rage ƙiba, na yi musu dariya. A nan Gobir mai tumbi shi ne mai lafiya. Sai na kama shayi da madarar gwangwani da sukari cokali huɗu, fura da sukari, kitsen tsire, da zaman benci.

Ana haka fari ya zo, damina biyu a jere. Gero ya bushe a tsaye daga Kurawa har Tsamaye. Kowa ya zube, ni ina ƙara cika. Abokina Bello, makiyayi, ya kawo ragowar shanunsa kasuwa, ya dube ni ya ce, "Ishaya, wa ke turka ka haka? Da sa ne kai, da na fita wahala bana!" Muka yi dariya. Raina ya yi fari, don ba mai zargin mai ƙiba.

Daga baya ƙishirwa ta dame ni, ga yawan fitsari, ga ciwon kai. Ranar karɓar magani, ma'aikaciyar jinya ta auna jinina, ta zagaya cikina da tef irin na tela.

"Baba, ƙwayar cutar ta kwanta," in ji ta. "Amma jininka ya hau, sukari ya hau, kitse ya yi yawa cikin jini, ga wanga ciki. In suka haɗu, zuciya suke nema, ko shanyewar jiki."

Na ce, "To maganinku ne. Za ni daina."

"Yana iya ƙara ƙiba, gaskiya ne. Amma in ka daina shi, ka koma inda ka fito. Cikin za ka rage."

In rage ciki! Wato tasha ta sake samun abin magana.

Na iso gida da azahar, ba a zaci dawowata ba. Na tarar da Saratu a bayan ɗaki tana cin dafaffiyar tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli. Tuwona yana rufe, an malala masa man shanu.

Na ce, "Tun yaushe kike haka?"

Ta ce, "Tun da rumbu ya yi ƙasa. Kai ne ba a so a gani a rame, Malam. Ni in na rame, sai a ce fari ne."

Na wuce gona, na durƙusa a gindin gawo cikin busassun kara. Na ce, "Ya Yesu, ka tashe ni daga bakin kabari, ni kuma na cinye rabon matata don tsoron bakin mutane. Ka gafarta mini. Ka cire mini wannan tsoro." Ban ji wata murya ba. Na daɗe ina kuka, da na miƙe kuwa tsoron ya sake ni.

Tun ranar kwano ɗaya muke ci, ni da ita. Na bar sukari da kitse. Kowace safiya ina taka hanyar Unguwar Lalle da ƙafa. Ina shan maganin hawan jini tare da na ƙanjamau, ban tsallake rana ba. Sukarin ya sauka, jinin ya daidaita, Saratu ma ta murmure. Haleluya!

Makon jiya a tasha wani ya ce, "Baba Ishaya, ka rame. Ko ciwon nan ne ya dawo?"

Na ce, "Bai taɓa tafiya ba, ɗana. Ƙanjamau ce, ina shan magani, kuma lafiyata lau." Shi ya sa na ga bai kamata tasha ta ji daga bakina ku ba ku ji ba.

Na gode wa Yesu da ya cece ni sau biyu. Ku dogara gare shi, ku sha maganinku, ku bari a auna ku. In akwai mai ɗauke da irin kayana a ɓoye, gobe da safe zan fita tafiyata, ya zo mu taka tare. Amin.