Murfi uku na burandi, ɗaya na na'ana'a

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu, ina makarantar lise, wato sakandare. Kun saba ganina a bencin baya, ba na magana. Yau ma rubutowa na yi, don in na ɗaga kai na ga fuskokinku, komai zai gudu daga kaina.

Babana ya daɗe yana haɗa giya a wani otal a unguwar Akwa. Da hannunsa ya fara rawa, aka sallame shi. Amma akwai haɗi ɗaya da bai bari ba: burandi da farar giyar na'ana'a. Kullum da la'asar, kafin Mama ta dawo daga sarin kifi a Youpwé, sai ya sha kofi guda. Yana cewa na'ana'ar tana rufe wari, maƙwabtanmu na New Bell ba za su ji ba.

Da ɓarin hannun ya yi yawa, wata rana ya ce, "'Yata, zo ki ara mini hannunki."

Ban ƙi ba, 'yan'uwa. Abin ya burge ni! Murfi uku na burandi, ɗaya na na'ana'a. A fasa ƙanƙara cikin tsumma, a juya da dogon cokali har jikin kofin ya yi gumi, sannan a tace. Ina son jin ƙarar da ƙanƙara take yi idan burandi ya taɓa ta. Na tambaye shi me ya sa ba ma sa koriyar na'ana'a. Ya yi dariya ya ce, "Kina so ya fito kamar ruwan kwata?"

Sai ya koya mini dokar aikinsu: mai haɗi ba ya miƙa abin da bai ɗanɗana ba. Ɗigo ɗaya a bayan hannu, a lasa.

Ɗigon farko ya ƙone mini harshe, sai kuma sanyi ya biyo baya. Na tsaya ina mamaki. Ta yaya abu ɗaya zai yi zafi da sanyi a lokaci guda? Na so in gane. Ɗigo ya koma cokali, cokali ya koma murfi. Ban ankara ba, tun ƙarfe biyu idona yana kan agogon aji.

Ran wata Laraba Baba ya tafi jana'iza a Nkololoun. Babu wanda ya sa ni. Na haɗa, na sha a tsaye da rigar makaranta, har ɗakin ya karkata. Na yi amai, na wanke kofin, na mayar da komai wurinsa.

Duk lurata, ban taɓa sanin Baba yana yi wa takardar kwalba alama da farce ba, yadda suke yi a otal. Washegari da yamma ya ɗaga kwalbar a haske, ya juya wurin Mama.

"Talatu, kin zubar mini ko?"

"Ni? Da zubarwa zan yi, ai duka zan zubar, har da kwalbar! Ina ruwana da murfi uku?"

Murya ta fara hawa. Ban taɓa jin Baba ya kira Mama maƙaryaciya ba sai ranar, kuma a kan laifina.

Na zagaya bayan ɗaki, na durƙusa kusa da duron ruwa. Na ce, "Yesu, ban iya doguwar addu'a ba. Bakina yana son abin nan, kuma ina jin tsoro. Ka cire mini shi, ka buɗe mini baki." Na tashi, ƙafafuna suka kai ni ƙofa.

"Baba, ni ce."

"Ke kika zubar?"

"Sha na yi."

Mama ta ɗora hannu a ka. Baba ya zauna a bakin gado.

"Tun yaushe?"

"Tun ɗanɗanawa."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Can ya ce, "C'est moi, ni ne. Ni na koya miki." Ya ɗauki kwalaben biyu ya fita, amma murfin ya gagare shi buɗewa. Mama ce ta buɗe masa, shi kuma ya juye su a kwata. Lungunmu ya yi ta ƙamshi har yaran maƙwabta suna tambaya wa ke dafa alewa.

Ba zan ce muku an gama a ranar ba. Makonni da yawa, la'asar na yi yawuna zai tsinke. Baba ya yi zazzaɓi da gumi, sau ɗaya ma ya koma ya sha a waje, ya dawo yana kuka. Sai muka mayar da la'asar lokacin addu'a, ni da shi, a kan tabarma. Yanzu sha'awar ta bar ni. Ubangiji ya yi! Halleluya!

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar da ba ta kai minti ɗaya ba. In akwai abin da kake ɓoyewa, ka dogara gare shi, ka faɗa. Kuma ku ci gaba da yi wa Baba addu'a. Shi ne ya ce in karanta muku wannan duka, kada in cire wurin da ya shafe shi. Amin.