Takardar da Ban Bari An Karanta Mini Ba

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ni ne Yohanna tela, kun san ni a bakin tasha. Abin da ba ku sani ba shi ne saura ƙiris in zama mai kisan kai.

Bayan samun 'yancin kai da kaɗan, wani mutum ya zo Illela daga Kano, da kwat da jaka. Ya ce inshorar gida yake sayarwa. Ya dubi ɗakuna ukun da na gina da gumin kekena, ya ce, "Kome ya sami gidan nan, kamfani zai biya." Kome, haka ya ce!

Takardar da Turanci take, ni kuwa karatuna na yaƙi da jahilci ne. Fasto ya ce in kawo ya duba mini, na ƙi. Ina jin kunyar a ce ban iya ba. Na sa hannu, na ninke ta cikin Littafi Mai Tsarki, ina taƙama. Kowace shekara ina biya, ko da ba mu ci nama ba.

Damina ta uku aka yi ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Ɗakuna biyu suka zube, keken ɗinkina yana ƙarƙashi. Ni da matata Rifkatu muka tsira da ɗaki ɗaya da rumfar zana.

Na hau babbar mota zuwa Sakkwato da takardata, ina ta murmushi kamar wawa. Akawun kamfanin ko wurin zama bai ba ni ba. Ya bi layi da yatsa ya ce inshorata ta gobara ce da tsawa kawai. Ruwan sama ba ya ciki, ambaliya ba ta ciki. Keken ma ba ya ciki, gini kaɗai na yi wa.

Na ce, "Ai mutuminku cewa ya yi kome."

Ya ce, "Bakinsa ka sa wa hannu ko takarda? Da wuta ce, da ka samu."

Da wuta ce! Maganar nan ta bi ni har gida. Na daina addu'a, na daina zuwa sujada. In Rifkatu ta yi magana sai in daka mata tsawa.

Ran Lahadi, ta tafi sujada, unguwa duk ta watse zuwa kasuwa. Da rana tsaka na ɗauki galan na kalanzir na zuba a rumfa da azarar ɗakin da ya rage. Na ce tunda wuta suke so, zan ba su wuta. Na ciro ashana.

Sai na ji murya ta bayan zana. Inna Hajo ce, mahaifiyar maƙwabcina Alhaji, makauniya, ko tashi ba ta yi sai an kama ta.

"Yohanna, kai na? Yau ba ka tahi wurin ibadarku ba? Ina jin warin kalanzir, halama ya zube maka. Yi hankali hwa, ɗana, ni kaɗai aka bari gida."

Zana ɗaya ce tsakanina da tabarmarta, kuma iska wajenta take kaɗawa. Ban taɓa tuna ta ba, ko sau ɗaya!

Na durƙusa cikin kalanzir ɗin ina kuka, na ce, "Yesu, ka karɓe ashanar nan daga hannuna, ni ba zan iya yar da ita ba." Hannuna ya buɗe. Na wuni ina kwasar yashi ina rufe abin da na zuba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kamfani bai ba ni ko anini ba. Har yau ɗaki ɗaya muke, keken aro nake takawa, kuma in na ga mai kwat da jaka sai zuciyata ta tafasa. Ku taya ni addu'a a kan wannan.

Ku kai takardunku a karanta muku layi layi, ku tambaya mene ne ba ya ciki. Amma dogararku ku ba Ubangiji. Yau da safe Inna Hajo ta gaishe ni ta bayan zana, na amsa. Godiya ta tabbata ga Yesu. Amin.