Filin da Aka Ce a Taru

A tashar mota, wata ma'aikaciyar ofishin agajin gaggawa ta baje taswira a cinya. Wani tsohon magini da ke gefenta ya leƙa.

"'Yata, wannan koren wurin fa?"

"Filin makaranta ne, Baba. In ruwa ya ci gari, ko masana'anta ta kama da wuta, nan kowa zai taru."

"Ban da ni. Ko da igiya za a ja ni."

"Masana ne fa suka zaɓe shi."

"Kin taɓa taka shi da damina?"

Ta gyara zaman gilashinta. "A kwamfuta muka auna."

"To, kwamfutar ta gaya muku kududdufi ne a da? Shara aka zuba, aka rufe da jar ƙasa. Ruwa kuwa ba ya manta gidansa. Can za ku tara mata da yara?"

"Baba, hirar tasha ba hujja ba ce. Wa zai sa hannu a kan wannan magana?"

Tsohon ya kalli tafin hannunsa, sannan ya fizge biron da ke hannunta.

"Kawo nan. Ni na cike shi, ni na rantse wa hukuma dutse ne a ƙasa. In ɗauri ne, a ɗaure ni."